Cikin Auta: Littafin Jinya Daga Kilomita Biyar

Litinin, 2 ga Oktoba

Auta bai runtsa ba daren jiya, mu ma haka. Ɗakina yana kallon makewayi, duk fitowarsa ina jin ƙarar buta da jan takalmi. Da asuba na tare shi a tsakar gida, ya sunkuyar da kai ya ce, "Yaya, abin nan ne ya dawo." Jini da majina, murɗar ciki ta gefen hagu, ga matsuwar nan da ke tayar da mutum a guje, in ya je ya tsuguna sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Ya fi mako biyu a haka yana ɓoye mana.

Inna ta riga ta yanke hukunci. Basir ne, a jiƙa bagaruwa. A Kilomita Biyar duk jinin da ya fito ta ƙasa, ko basir ne ko atini, kuma maganin atini yaro ma ya san shi: Flagyl, ana sayar da shi a tebur kusa da mai goro. Shekaru Auta ya yi yana shan sa, ciwo ya lafa don kansa a ce magani ya yi aiki, ya dawo a ce ruwan rijiya ne.

Sai bara, da ya je Duwala saro kayan babur, ciwon ya kayar da shi a can. Aka zura masa bututu mai kyamara ta dubura, aka tsinko ɗan nama aka auna. Takardar tana akwatina, da Faransanci: rectocolite hémorragique. Garkuwar jikinsa ce ta juya tana yaƙar fatar cikin babban hanji, tun daga dubura zuwa sama, nasa ya tsaya a gefen hagu. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗaukarsa a wurin wani, kuma ba ya tafiya ɗungum. Lafawa yake yi ya taso. An ba shi mesalazine aka ce kada ya daina. Da ya ga jikinsa ya yi kyau, kuɗin magani kuma yana cin jarinsa, sai ya ajiye.

Da nake gyara masa shimfiɗa na ga katin diclofenac a ƙarƙashin matashi, saura ƙwaya biyu. Ciwon baya, in ji shi, saboda ɗaga kwalaye. Na sa katin a aljihu don in nuna wa likita.

Talata, 3 ga Oktoba

Mun samu ganin likitan ciki da hantsi. Mutum ne mai natsuwa, ba ya katse mai magana. Ya karanta takardar Duwala har ƙarshe, sannan ya juya katin diclofenac a hannunsa ya ce wannan da ibuprofen da danginsu an san suna iya tayar da irin wannan ciwo, daga yau sai paracetamol.

Tambayoyinsa duk na ƙirge ne. Sau nawa a yini? Sau nawa cikin dare? Kowane da jini? Ya kama wuyan hannun Auta yana kallon agogo, ya auna zafin jiki, ya danna ciki a hankali. Ya ce akwai ma'aunin da likitoci biyu na Oxford, Truelove da Witts, suka kafa tun 1955, har yau da shi ake rarrabewa: idan bayan gida mai jini ya kai sau 6 ko fiye a yini, kuma bugun jini ya haura 90, ko zazzaɓi ya wuce 37.8, ko jini ya faɗi ƙasa da 10.5, ko awon kumburi ya yi sama sosai, to gado ne a asibiti, ba ciniki. Auta yana sau 5 zuwa 6, bugunsa 86, babu zazzaɓi. Yana bakin iyaka ke nan. Aka yarda ya koma gida bisa sharaɗin in zazzaɓi ya zo ko ciki ya kumbura mu dawo ko da tsakar dare ne.

Na tambaya ko za a sake zura bututun. Na ga kafaɗun Auta sun ɗaga, don ya sha ba ni labarin daren da ya kwana yana shan lita-lita na ruwan wankin ciki. Likita ya ce a'a, an riga an san sunan ciwon. Abin da ake nema yanzu shi ne a san ko shi ne ya tashi ko wani baƙo ne ya shiga, da kuma yadda kumburin ya kai. Wannan kuwa bayan gida da jini da hoton ciki za su faɗa.

Ya mayar da shi kan mesalazine tun yau, na sha da na matsawa ta dubura da dare. Prednisolone kuwa ya ce ba zai taɓa shi ba tukuna. Dalilinsa ya zauna mini. A Turai in mai wannan ciwo ya zo da jini, yawanci ciwon ne. A Bangui kuwa ga amiba, ga ƙwayoyin atini, ga tsargiyar hanji ga duk wanda ya yi wasa a ruwa yana yaro, ga tarin fuka da ke kama hanji. In ka danne garkuwar jikin wanda amiba ke ci, hanjin na iya hujewa. Ya rubuta mana doguwar takarda: bayan gida, yawan jini, awon kumburi na CRP, zazzaɓin cizon sauro, ciwon hanta nau'in B, ƙanjamau, hoton ƙirji.

Laraba, 4 ga Oktoba

Tun da sassafe muka hau babur zuwa Cibiyar Pasteur. Tun 1961 take a garin nan, an fi jin sunanta a rediyo in annoba ta ɓulla, amma tana da ɗakin awo na marasa lafiya irinmu. Dole Auta ya zo da kansa, saboda amiba ana son a gan ta tana motsi, in bayan gida ya huce ta mutu ba a gane ta da kyau. Ya shiga da 'yar robarsa ya fito yana kallon ƙasa. Aka ɗebi jini.

Akwai roba ta biyu, wadda za a cika gobe da asuba. Ita ce ta kalfurotektin, awon da likita ya fi ɗoki a kansa, kuma ya ce a Duwala ya saba aikawa a yi masa. Da dare na zauna da waya na karanta a kansa, tunda kimiyyar halittu nake koyarwa kuma ɗalibaina ba su taɓa jin sunan daga bakina ba. Wani furotin ne da ke cike da cikin wasu fararen ƙwayoyin jini, waɗanda ke fara isa duk inda jiki ya kumbura. In fatar hanji ta kumbura, sai su yi ta tsallakowa cikin hanjin, su mutu, su zubar da abin da ke cikinsu ya fita tare da bayan gida. Yawan abin da aka samu, yawan kumburin. Wani masani ɗan Norway, Magne Fagerhol, shi da abokan aikinsa suka gano furotin ɗin a 1980, a 1992 kuma Arne Røseth ya nuna ana iya auna shi a bayan gida. Ƙasa da 50 a ma'auninsa, da wuya a ce akwai kumburi. Sama da 250, ga mai irin ciwon Auta, wutar tana ci.

Abu biyu na riƙe. Awon ba ya faɗar abin da ya kawo kumburin: amiba na ɗaga shi, tarin fukan hanji na ɗaga shi, diclofenac ma haka. Shi ya sa ba ya tafiya shi kaɗai. Na biyu shi ne wanda ya sa ya dace da mu: furotin ɗin ba ya lalacewa da wuri, yana iya kwana uku ba firiji. Garin da wuta ke zuwa tana tafiya, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Alhamis, 5 ga Oktoba

Alhaji maƙwabcinmu zai tashi zuwa Duwala yau. Na naɗe robar a leda uku na sa a kwali, na je na same shi yana shan shayi a ƙofar gida. Sai da na yi ta kewaye-kewaye kafin na faɗi abin da ke ciki. Ya ajiye kofi ya ce, "Malam, ai jinya ba ta da kunya. Kawo." Ya sa a jakar hannunsa tare da takardar likita. Allah Ya saka masa.

Kunyar nan ita ce rabin ciwon. Namiji mai shekara ashirin da bakwai, da shagonsa, da ranar aurensa a gaba, ba zai iya ce wa abokansa ga abin da ke damunsa ba. Masu hawan jini da masu ciwon suga suna zama a majalisa su kwatanta magunguna. Mai wannan ciwon shiru yake yi, ya daina zuwa ɗaurin aure, ya daina cin abinci a waje, duk inda ya shiga idonsa na neman makewayi.

Na ba shi ƙaramin littafi na ce ya riƙa yin zane ɗaya duk fita, in da jini ya kewaye zanen. Likita ne ya nema.

Juma'a, 6 ga Oktoba

Bai je masallaci ba. Ya yi wanka ya sa kaya, ya kai bakin ƙofa ya juyo. Ya ce ba zai iya riƙe alwala daga huɗuba zuwa sallama ba, kuma in ya shiga tsakiyar sahu ba hanyar fita. Bayan an idar na tsaya na yi wa wani malami bayani ba tare da na kama suna ba. Ya ce mai lalura irin wannan yana da rangwame, kuma rashin lafiya uzuri ne karɓaɓɓe ga Juma'a. Na kawo wa Auta wannan, na ga ya ɗan saki fuska.

Ina fitowa daga Babban Masallaci na tuna 2014, lokacin da harabar nan ta cika da mutanen da suka gudo daga sauran unguwanni, lokacin da tsallaka gada zuwa asibitin cikin gari yake iya zama tafiyar da ba dawowa. A nan Fafaroma Francis ya zo ya zauna da limamai ranar 30 ga Nuwamban 2015. Makabartarmu ta Boeing ma sai a 2016 aka sake samun hanyar kai gawa. Cikin waɗannan shekarun mutanenmu suka saba da zama likitocin kansu, don ba yadda za su yi. Hanya ta buɗe, amma sabon bai tafi ba. Inna har yau in za mu shiga gari sai ta bi mu da addu'a har bakin titi.

Asabar, 7 ga Oktoba

Sakamako ya fara fitowa. Ba amiba, ba ƙwan tsargiya, ba zazzaɓin sauro. Hanta lafiya, ƙanjamau babu, ƙirji fes. Jininsa 10.9, ya yi ƙasa amma bai kai layin gado ba. CRP 28. Noman ƙwayoyin cuta sai Litinin. Littafin Auta: zane shida jiya, biyar a kewaye.

Litinin, 9 ga Oktoba

Yau aka yi eko, kuma yau na ga cikin ƙanena da idona.

Na'urar ita ce dai wadda ake duba masu juna biyu da ita. A bencin jira mata ne zalla da katunansu na awo, sai mu biyu. Ba a ce ya yi azumi ba, ba a ba shi ruwan wankin ciki ba, ba allura. Ya kwanta ya ɗage riga, aka matsa masa man nan mai sanyi. Likita ya fara da kan na'urar mai lanƙwasa ya zaga cikin gaba ɗaya, sannan ya canza zuwa wani mai miƙaƙƙen baki, wanda ya ce da shi ake duba maƙoshi da jijiyoyi, ba ya nisa amma yana fito da abu dalla-dalla. Ya aza shi can ƙasa ta hagu, kusa da ƙashin ƙugu.

Ya ce in matso. Ya nuna mini wata baƙar da'ira tana bugawa, jijiyar jinin da ke sauka ƙafa, ita ce alamarsa ta hanya. A samanta ga hanji kwance. Bangonsa layi-layi ne, fari da baƙi suna bin juna. Ya tsayar da hoton, ya sa alama a ciki ya sa a waje, lamba ta fito a gefe: milimita 6.4. Lafiyayyen bango ba ya wuce 3. Sai ya danna wani maɓalli, bangon ya cika da ɗigo-ɗigon ja da shuɗi suna ƙyalli. Jini ne ke kwarara a ƙananan jijiyoyi, kuma lafiyayyen hanji kusan ba ya nuna komai a nan. Ya bi hanjin sama ta gefen hagu har ƙarƙashin haƙarƙari, kaurin yana raguwa, da ya karya kwana zuwa tsakiyar ciki sai bango ya koma siriri. Ya duba dama, inda ƙaramin hanji ke haɗuwa da babba, wurin da tarin fuka da ciwon Crohn, wani ciwon kumburin hanji mai kama da na Auta, suka fi so. Ba komai. Ciwon yana inda takardar Duwala ta bar shi, bai ƙara gaba ba.

Auta ya ɗaga kai yana kallo. Ya ce, "Dakta, nan ne daidai inda yake murɗa mini." Tun da aka fara wannan jinya ban ji muryarsa da ƙarfi haka ba. Shekaru ana ce masa basir, ana ce masa sanyi, wata gwaggonmu ma ta ce sammu ne saboda shagonsa ya fara haske. Yau ga abin a allo, da faɗinsa da tsawonsa.

Likita bai ɓoye gazawar hoton ba. Dubura tana can cikin ƙugu, ta saman ciki ba a ganinta sosai. Mai ƙiba yana da wuyar dubawa. Hoton ba ya tsinko nama, don haka ba zai maye gurbin bututu wajen sa wa ciwo suna tun farko ba, kuma in ciwon ya kai shekara 8 dole a koma ga bututun lokaci-lokaci saboda tsaron kansar hanji. Aikin kuma na hannu ne, sai wanda ya koya. Shi a wani kwas ya koyo, ya ce a Jamus da Italiya likitocin ciki sun daɗe suna yin sa a ɗakin ganin marasa lafiya.

A hanyar dawowa abin ya yi ta cina. Na'urar nan akwai ta a asibitoci da dama a garin nan, har da ƙananan wuraren haihuwa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne hannun da ya san ya nemi hanji da ita. Horar da mutum ya fi sayen sabuwar na'ura sauƙi nesa ba kusa ba, kuma da ni ake shawara da nan zan fara.

Noman ƙwayoyin bai fitar da komai ba. Kusan mako guda kan mesalazine, jini bai ragu ba, ga hoto ya nuna abin da ya nuna. Likita ya ce lokacin prednisolone ya yi. Amma sai ya sake tambaya: Auta ya taɓa zama a kurmi? Mbaïki, Boda, Nola? Ya ce ya yi wata da watanni a Boda yana sayar wa masu haƙar lu'ulu'u kayan babur. Likita ya gyaɗa kai. Akwai wata tsutsar ciki da ke iya zama shekaru shiru a jikin mutum, in aka ba da prednisolone ta bazu ko'ina, don haka yana so ya ba da ivermectin tukuna. To amma a kurmin ƙasar nan akwai tsutsar Loa, wadda wani lokaci ake gani tana ratsa farin ido, kuma wanda jininsa ya cika da 'ya'yanta in ya sha ivermectin tana iya taɓa ƙwaƙwalwa. Sai an ɗebi jini da tsakar rana, lokacin da suke fitowa, an duba. Muka jira azahar aka ɗiba.

Talata, 10 ga Oktoba

Ba Loa. Ya sha ivermectin, ya fara prednisolone miligiram 40 da safe bayan kunu. Za a riƙa rage 5 duk mako. An ja masa kunne kada ya yanke shi kwatsam.

Alhamis, 12 ga Oktoba

Sakamakon Duwala ya shigo ta WhatsApp ina cikin aji: 1,380. Na tura wa likita. Ya amsa da cewa bai yi mamaki ba, amfanin lambar yana gaba, ranar da za a sake aunawa a ga daga ina aka taso.

Inna ta tambaye ni me aka gani. Na ce an auna zafin ciwon an samu yana da yawa, amma an san maganinsa. Ta ce to bagaruwar fa? Na ce ta bari tukuna, kada a haɗa a rasa wanda ya yi aiki. Ta yi shiru, sannan ta ce rubutu dai ba za a hana ta ba. Na ce ba mai hana ta.

Lahadi, 15 ga Oktoba

Zane uku, ɗaya kawai a kewaye. Ya kwana bai fita ba. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, lungunmu ya zama kogi, muna zaune a rumfa ya cinye tuwon shinkafa da romon giwan ruwa ya nemi ƙari.

Alhamis, 19 ga Oktoba

Maganin yana nuna ɗaya fuskar tasa. Auta ba ya barci sai wajen ƙarfe biyu, yana cin abinci kamar an aiko shi, ƙuraje sun feso masa a goshi, ga saurin fushi da ba halinsa ba. Kumatunsa sun fara cika, Inna tana ta hamdala wai ɗanta ya murmure. Ban so in rage mata farin ciki, amma na san wannan cikar ta magani ce. Abin da ke ba ni tsoro shi ne prednisolone yana da arha kuma ana samunsa a kowane tebur, har mata na sha don su yi ƙiba. Wanda ya ɗanɗana yadda yake kashe wannan ciwo cikin kwanaki zai so ya mayar da shi abokin zama. Ƙarshensa suga, hawan jini, ƙashi mai rauni, ga ƙofa a buɗe ga tarin fuka, kuma ba ya hana ciwon dawowa. Na faɗa wa Auta wannan ba sau ɗaya ba.

Litinin, 23 ga Oktoba

Eko na biyu. A benci muka zauna kusa da wata baiwar Allah daga Bimbo, ramammiya, muka gaisa da Sango. Nata a dama yake, a ƙarshen ƙaramin hanji. An rasa rabewa tsakanin Crohn da tarin fukan hanji, don a hoto da ma a bututu suna kama da juna ƙwarai, sai aka fara ba ta maganin tarin fuka ana bin ta da eko a ga ko bangon zai sauka. Da na yi wa likita zancen, bai ce komai a kanta ba, amma ya ce a ƙasa irin tamu haka tsarin yake, domin in ka ba mai tarin fuka maganin danne garkuwa ka hallaka shi. Na tambaye shi hoton MRI da na karanta ana yi wa masu Crohn. Ya ce shi ne ya fi gani a ƙaramin hanji, amma ratar ba ta kai yadda ake zato ba. A wani bincike da aka yi a asibitoci 8 na Birtaniya, aka buga a 2018, MRI ya gano ciwon ƙaramin hanji a kashi 97 cikin 100 na masu shi, eko ya gano a kashi 92. Wajen faɗar iyakar inda ciwon ya kai, 80 da 70 ne.

Sannan Auta ya kwanta. Wuri ɗaya, jijiya tana bugawa, hanji a samanta. Milimita 4.3. Ɗigon ja da shuɗi sun ragu sosai, saura 'yan tsiraru. Likita ya jera hoton farko da na yau gefe da gefe. Ya ce magani yana ci, ba sai an nemi wani ba. Da bangon bai motsa ba, da yau muna zancen azathioprine, ko ma allurai irin infliximab masu tsadar gaske da son firiji. Amma 4.3 ba 3 ba ce.

Laraba, 25 ga Oktoba

Mun yi sa-in-sa da Auta, irin wadda ba mu taɓa yi ba. Ya buɗe shago jiya, ya ga abin da makonnin nan suka ci masa, ya dawo ya ce in prednisolone ya ƙare shi ke nan, ba zai ci gaba da mesalazine ba. Jini ya tsaya, yana fita sau biyu kamar kowa. Ya ce, "Yaya, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na san na warke."

Ban ga laifinsa ba, kuɗin da yawa, kuma maganin sai an yi saƙonsa daga Kamaru. Amma a wannan ciwon mai ɗaki yana iya rashin sani. Jin sauƙi yana riga warkewar hanji da makonni, wani lokaci da watanni, kuma bara a daidai wannan gaɓar ya ajiye magani. Na ɗauko wayata na nuna masa hotunan biyu da na ɗauka a allon likita. Na ce shekaranjiya da kake jin ka warke, ga abin da bangon yake. Na ba shi labarin binciken da aka buga a 2017 a kan masu Crohn 244: rabi ana daidaita musu magani bisa yadda suke ji kawai, rabi ana haɗawa da kalfurotektin da CRP. Bayan mako 48, kashi 46 cikin 100 na waɗanda ake bi da awo hanjinsu ya warke, ɗaya ɓangaren kashi 30. Ciwonsu ba irin nasa ba ne sak, amma darasin ya shafe shi.

Lissafin bai motsa shi ba. Hoton ne ya riƙe yana kallo, yana buɗa shi da yatsu biyu. Can ya ce, "To sai yaushe?" Na ce sai lambar Duwala ta sauko, bangon ya koma 3, sannan ma rage magani za a yi, ba dainawa ba. Ya miƙo mini wayar ya tashi ya fita.

Juma'a, 27 ga Oktoba

Ya je masallaci. A sahun baya ya tsaya, kusa da ƙofa, amma ya je, kuma da alwala ɗaya.

Da la'asar na koma wurin likita ni kaɗai na faɗa masa gaskiyar aljihunmu. Ya ce akwai tsohon magani, sulfasalazine, wanda wata likita 'yar Sweden, Nanna Svartz, ta fito da shi a farkon shekarun 1940. Mesalazine ma daga cikinsa aka ciro shi. Yana aiki, ya fi arha sosai. Sai dai yana sa wasu ciwon kai da tashin zuciya, yana mayar da fitsari ruwan lemo, ana haɗa shi da folik asid, kuma sai an duba wani sinadarin jini, G6PD, wanda ƙarancinsa ya yawaita a mazan Afirka. Sannan ya ce yana rage ƙwayoyin haihuwar namiji muddin ana shan sa, ko da yake suna dawowa in an daina. Na ce masa an sa ranar Auta bayan ƙaramar Sallah. Ya ce to a faɗa masa, shi zai zaɓa.

Lahadi, 29 ga Oktoba

Bayan magariba muka zauna a ɗakin Inna, ni da Auta da Yaya Babba, muka kira ƙanwarmu ta Garwa ta waya. Na faɗi komai, har da zancen sulfasalazine, wanda na riga na gaya wa Auta mu biyu. Ya ce shi mesalazine zai ci gaba da shi. Yaya Babba ya ɗauki wata biyu, ni biyu, ƙanwarmu ta ce mijinta yana da direban da ke bin hanyar Garwa-Bulai duk wata, ita za ta riƙa saye tana ba shi. Inna ta kwance bakin zaninta ta ajiye abin da ke ciki a tabarma, ta ce na awon Duwala ne na gaba. Auta ya ce ta mayar, ta ce ba da shi take magana ba.

Ya kuma ce zai faɗa wa yarinyar da zai aura da iyayenta kafin a kai lefe, ya roƙi Yaya Babba ya raka shi.

Na rubuta ranakun a bangon littafinsa: prednisolone zai ƙare farkon Disamba, eko na uku da awon jini a makon da ya biyo, robar Duwala a farkon Janairu. Gobe kafin in wuce makaranta zan biya wurin Alhaji in ji yaushe zai sake tafiya.